Mu tsare ƙananan yara daga cuta a wurin da ake tara su reno

Idan ruwan shuka ya sauka, gari yakan watse. Maza da mata duka suna gona tun da sassafe, ba mai dawowa sai rana ta take tsaka, wani ma sai la'asar. To, ina ƙananan yara suke a wannan lokaci? Na goye suna bayan uwayensu. Amma waɗanda aka yaye, da ƴan shekara biyu zuwa biyar, galibi ana tara su ne gida guda, a hannun wata tsohuwa, ko a hannun wata ƴar reno wadda ita kanta ba ta wuce shekara tara ba. A birane kamar Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa kuma akwai gidajen renon yara, inda ma'aikata da ƴan kasuwa ke kai ƴaƴansu da safe, su ɗauko su da rana. Mu ma a makarantunmu na yaƙi da jahilci, ajin mata ba ya rabuwa da yara. Uwa tana koyon baƙi, yara suna wasa a bakin rumfa.

Tara yara wuri guda abu ne mai kyau. Uwa ta samu hannun yin aiki, yaro ya samu abokan wasa. Sai dai abin da ya tara yara shi ne kuma yake ba cuta hanya. Yaro guda ya zo da zawo ranar Litinin, kafin Juma'a rabin gidan na zawo.

Wata shekara, lokacin noman farko, mun je rangadi wani ƙauye don duba ajin mata. Muka tarar ajin ya tashi, kowa na gona. Aka nuna mana gidan da aka bar yara. Wata dattijuwa ce ke riƙe da yara goma sha ɗaya, mace mai haƙuri da son yara. Muna cikin gaisawa wani yaro ya yi zawo bisa tabarma. Ta wanke masa gindi, ta ɗauraye hannunta da ɗan ruwa, ta share da bakin zane, ta koma kan damun furar da take yi. Duk yaran suka sha da ludayi guda. Mun ga abin da idonmu, amma kunya ta hana mu magana, domin ta haife mu. Da muka komo bayan mako biyu, aka ce mana yara bakwai sun kwanta, guda kuma Allah ya yi masa rasuwa a hanyar likita. Ba mu ɗora wa dattijuwar laifi ba, don ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Mu da muka sani muka yi shiru, mu ne abin ya tsaya wa a rai. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani dalla-dalla.

Ta ina cuta ke bi?

Yawancin cututtukan yara, wasu ƙananan halittu ne ke kawo su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ake kira ƙwayoyin cuta. Ba su da ƙafa, sai an ɗauke su. Wasu suna fita daga cikin marar lafiya tare da kashi, su hau hannu, ko ƙafar ƙuda, ko su shiga ruwa, daga nan su faɗa bakin wani. Haka zawo da amai da gudawa da shan inna da tsutsar ciki suke yaɗuwa. Wasu kuma iska ce ke ɗaukarsu idan an yi tari ko atishawa, kamar dusa da tarin shiƙa da sanƙarau. Wasu ta jiki da jiki ne, ko ta tsumma da mataji, kamar ciwon ido da ƙazuwa da makero. Masassara kuwa sauro ne ɗan aikenta.

Ƙaramin yaro ya fi babba saurin kamuwa saboda dalili biyu. Jikinsa bai riga ya koyi faɗa da cuta ba. Na biyu kuma, duk abin da hannunsa ya kai, baki yake nufa da shi: ƙasa, takalmi, kashin kaji, ɓawon mangwaron da wani yaro ya tsotsa ya yar.

Kashin yaro ba ruwa ba ne

A nan za mu daɗe, domin nan ne babbar ɓarakar take. Mutane da yawa sun ɗauka kashin jinjiri ba shi da illa, tun da nono kaɗai yake sha. Wannan kuskure ne. Kashin ƙaramin yaro cike yake da ƙwayoyin cuta, musamman idan yana zawo. Babba yakan tafi salanga ko bayan gari, yaro kuwa a tsakar gida yake yi, daidai inda sauran ke rarrafe.

Saboda haka, a gidan da ake reno, a samu tukunyar kashi ta roba, ko wani tsohon kwano da aka keɓe don wannan aiki kaɗai. Da zarar yaro ya gama, a zuba cikin salanga, a wanke tukunyar, a zuba ruwan wankin ma can. Inda babu salanga, a haƙa rami nesa da rijiya da wurin wasa, a rufe da ƙasa nan take. Kada a kwashe da tsinken kara a jefa bayan danga, domin ƙuda ba ya sanin danga. Daga can zai taso ya sauka bisa ƙwaryar kunu. Bakin salanga kuma a riƙa rufe shi da faifai ko marfi.

Sannan sai wanke hannu. Mu masu alwala sau biyar a yini muna ganin hannunmu kullum cikin ruwa yake. Amma ruwa tsura ba ya fitar da maiƙon da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a ciki. Sai da sabuni. A jiƙa hannu, a shafa sabuni, a cuɗa ciki da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin akaifa, kamar daƙiƙa 20, wato gwargwadon mutum ya ƙidaya ɗaya zuwa ashirin bai yi gaggawa ba. A ɗauraye da ruwa mai zuba, a bar hannu ya sha iska. Kada a share da zanen da aka share wa yaro majina. Ranar da sabuni ya yanke, toka mai tsabta daga murhu ta fi babu. Binciken masana lafiya a gidajen renon yara ya nuna cewa wanke hannu da sabuni yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ku duba fa, ba allura, ba ƙwaya, ruwa da sabuni kaɗai.

Mai reno ta wanke hannunta bayan ta fito salanga, da bayan ta wanke wa yaro gindi, da kafin ta taɓa abinci, da kafin ta ba yaro a baki. Yaran ma a wanke musu kafin ci, har wanda ba ya ci da kansa, tun da yatsansa ba ya fita daga bakinsa.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu sake wa tsari. Idan an kawo tuwo, sai a ajiye kwano guda da ruwa, kowa ya tsoma hannu a ciki. Babba ya fara, ƙarami ya ƙare. Wanda ya zo ƙarshe, dauɗar kowa ya wanka, ga shi kuma shi ne mafi rauni. A riƙa zuba wa kowa da buta, ruwan ya faɗa ƙasa ko cikin tasa.

Wasu za su ce ruwa na wuya, rijiyarmu gaba talatin ce. Gaskiya ne. Amma ga wata dabara da ba ta cin ruwa. A samu ƙaramin bido mai litir 5. A ƙona ƙusa a huda shi kusa da wuya. A kafa itace biyu masu gwafa, a gitta sanda, a rataye bidon ta hannunsa. A ɗaura igiya a wuyan bidon, a ɗaura ɗaya bakin igiyar ga wata sanda da ke kwance ƙasa. Idan an taka sandar da ƙafa, bidon ya sunkuya, ruwa ya tsiyayo siriri. Hannu ba ya taɓa komai. Sabunin a huda shi a rataye da zare, a kifa masa gwangwani don kada akuya ta cinye. Yara suna ɗaukar abin wasa ne, har rige-rige suke yi.

Randa da ƙwaryar abinci

Sau da yawa ruwa yakan fito daga famfo da tsabtarsa, a gida ne yake lalacewa. Randa buɗe, moɗa a ƙasa, kowane yaro ya ɗauka ya tsoma har da hannu, ya sha ya mayar da saura. A rufe randa. A rataye moɗar ɗiba mai dogon hannu a bisa, babba kaɗai ke taɓa ta. Kowane yaro ya zo da kofinsa daga gida, a ɗaura masa zare mai launi don a gane shi. Idan ruwan tabki ne ko na rijiyar da ba ta da marfi, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs. Wadda aka fi sani ƙwaya guda ce ga bido mai litir 20, a jira minti 30 kafin a sha. Amma ƙwayoyin girma-girma ne, a karanta abin da aka rubuta a takardar. Ga amfanin karatun da muke koyo.

Abinci kuma, zafin ƙasarmu ba ya yi masa jinkiri. Kunun da aka dama da asuba aka ajiye, kafin azahar ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a ciki, ko da bai yi tsami ba, ko da bai canza wari ba. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye, a mayar da shi wuta ya tafasa sosai kafin a ba yaro. Ɗumamawa sama-sama ba ta isa. A rufe kowace ƙwarya da faifai. Madarar da aka tatso a tafasa ta, ruwan damun fura kuma ya zama na randar sha. Bibiro kuwa, wato kwalbar shayar da jinjiri, muna ba da shawarar a rabu da shi, domin wanke shi yana da wuya. Kofi da cokali sun fi.

Jinjirin da bai cika wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, ko a tsakiyar bazara. Idan an bar irin wannan jinjiri hannun mai reno, to lalle za a ɗura masa ruwa ko bauri ko kunu idan ya yi kuka, daga nan zawo ya samu ƙofa. Gara uwa ta tafi da shi, ta kwantar da shi a inuwa kusa da ita.

Muna kuma roƙon a zuba wa kowane ƙaramin yaro nasa abinci a kwanonsa. Idan an haɗa ɗan shekara biyu da ƴan shekara biyar kwano guda, kafin ya kai loma uku sun side. Ba wanda zai lura sai tamowa ta bayyana. Yaro mai tamowa kuwa kowace cuta ta zo sai ta kayar da shi, cutar kuma ta ƙara ramar da shi. A ƙarfafa kunun hatsi da garin wake ko na gujiya ko ƙuli-ƙuli, da ɗan mai, a sa zogala ko kabewa a miya. A likita ana ba uwaye wani ɗan ma'auni mai launi uku na auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, a tafi likita ranar. Yana da kyau a ajiye guda a gidan reno, a auna kowa sau ɗaya a wata.

Dabbobi a ɗaure su nesa da wurin wasa, a share kashin kaji da na awaki kowace safiya. Maganin ƙwarin gona da kananzir da takin zamani a ɗaga su inda hannun yaro ba ya kai, kuma kada a taɓa zuba ruwan sha cikin bidon da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, ko an wanke shi sau goma.

Cututtukan da sabuni ba ya tsarewa

Dusa, wadda wasu ke kira ƙyanda ko baƙon dauro, ba ta bin hannu kaɗai, iska take bi. Tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa a duniya. Idan mai dusa ya zauna cikin yara goma da ba a yi wa allura ba, kusan tara za su kamu. Ƙwayarta takan zauna cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan marar lafiyan ya fita. Abin da ya fi muni, yaro yana fara baza ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce. Kafin a gane, ta riga ta zagaye gida. Dusa tana kawo ciwon huhu da zawo da makanta, tana kuma kisa. Abin da ke tare ta guda ne, allurar rigakafi.

A ƙasarmu an kafa babban shirin rigakafin yara a 1987, kuma tun daga lokacin ana ta ƙara sababbin allurai. A 2014 aka shigo da rigakafin wani mugun zawo na jarirai da ake ɗigawa a baki, da allurar ciwon huhu. Tsarin shi ne, a kai jinjiri da zarar an haife shi, a komar da shi yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Idan ya cika wata 9 a yi masa ta dusa da ta shawara da ta sanƙarau. A cikin shekararsa ta biyu a komo a yi ta dusa karo na biyu. Wannan ta biyun ita ce aka fi mantawa, domin lokacin yaro ya fara tafiya, uwa ta daina zuwa awo, wataƙila ma ta samu wani ciki.

Duk wanda zai karɓi renon yaro, a birni ko a ƙauye, ya nemi ganin karnensa, wato takardar awo da allura. Ba don a kori wanda bai cika ba, a'a, don a tuna wa uwayensa su kai shi. Ko lokaci ya wuce, ba a sake farawa daga farko, ana ci gaba ne daga inda aka tsaya. A nan ɗalibanmu na yaƙi da jahilci suna da aiki babba. Mace guda da ta iya karanta kwanan wata ta isa ta duba karnen unguwa duka. Wasu uwaye suna gudun allura don jikin yaro yakan yi zafi. Zafin kwana ɗaya ne ko biyu, alama ce jiki na koyon faɗa. Wanda ya ga yadda mashaƙo, wato ciwon da ke toshe maƙogwaro, ya kashe yara a jahar Damagaram a 2023, musamman wajen Matamai, ba zai tsaya auna zafin kwana guda ba. Galibin waɗanda ya kama ba su cika alluransu ba. Haka kuma a 2015 sanƙarau ya yi ƙarfi har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki.

Bayan allura, a bar iska ta riƙa ratsa wurin. Lokacin ɗari mukan cusa yara ɗaki guda, mu toshe taga, mu hura wuta a ciki. Hayaƙi da cunkoso su ne abokan tari da ciwon huhu. A sa wa yara riguna masu kauri, a fito da su hantsi, murhu kuma ya zauna waje. Kowane yaro da tsummansa na share hanci, a kuma wanke musu fuska kullum, don kwantsa da majina su ke kiran ƙuda, ƙuda kuma ya kai ciwon ido daga wannan zuwa wancan.

Sauro

Lokacin da aka fi tara yara, wato damana, shi ne kuma lokacin masassara. Sauron da ke kawo ta da dare yake cizo, saboda haka babban makami shi ne kowane yaro ya kwana cikin sange mai magani. Idan uwaye sukan yi dare ba su dawo ba, a ɗaura sange a gidan reno ma. Tun 2013 ake rabon maganin rigakafin masassara ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata cikin damana. Maganin na kwana uku ne. Masu rabo su ba da na ranar farko, na biyu da na uku a hannun uwa ake bari. Mun sha ganin uwa ta ƙulle shi a bakin zane ta tafi gona, yaro yana gidan reno, sai kwana ya wuce. A ba shi tun da safe kafin a fita, ko a damƙa wa mai reno. A watan Satumba na 2024 kuma an fara allurar rigakafin masassara a Gaya. Tana rage haɗari, amma ba ta maye gurbin sange ba.

Yaron da ya tashi ba lafiya

Ga magana mai nauyi. Yaron da ya kwana da zawo, ko amai, ko zafin jiki, ko ƙuraje, ko jan ido mai kwantsa, bai kamata a kai shi cikin yara ba. Mai zawo ya zauna gida har cikinsa ya tsaya, ya ƙara kwana ɗaya ko biyu. Mai dusa kuwa sai ƙuraje sun yi aƙalla kwana huɗu da fitowa.

Faɗar wannan a takarda ba wuya. Amma mun san uwar da ciyawa ta ci gonarta, ko wadda abin da za a ci yau yana cikin tallar da za ta kai kasuwa. Mun kuma san mai reno ba za ta iya duban idon maƙwabciyarta ta ce koma da ɗanki ba. Maganin abin shi ne a yi shawara tun kowa na lafiya. Kafin ruwa ya sauka, matan unguwa su zauna, a kira mazan ma, a yanke ƙa'ida guda da ta hau kan kowa. Idan ƙa'idar taro ce, ba mai jin an wulaƙanta shi. A kuma yarda cewa wadda ciwon ɗa ya tsare a gida, za a yi mata gayya ko a kama mata aikin yini. Mazaje su sani, jinyar yaro ba aikin mace kaɗai ba ne. Yinin noma guda ana iya rama shi. Idan kuma ciwo ya taso wa yaro da rana a gidan reno, a shimfiɗa masa tabarmarsa gefe a inuwa, da kofinsa, a aika a kira uwarsa, kada a jira maraice.

Zawo yakan yi kisa ta hanyar tsotse ruwan jiki. Kada a ce na haƙori ne zai wuce. Fitar haƙori ba ta kawo zawo, abin da yaro ke ta turawa a baki don dasashi na yi masa ƙaiƙayi shi ke kawowa. Tun zawo na farko a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake samu a likita. Ƙunshi guda a cikin litir guda na ruwa mai tsabta, ba a ragewa, ba a ƙarawa. Ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, wanda ya fi haka rabin kofi zuwa kofi guda, da cokali, sannu-sannu. Idan ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. Inda babu ƙunshin, a sa ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litir guda. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Tun 2004 hukumar lafiya ta duniya ta ce a haɗa da ƙwayar zinki, kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Tana gajarta ciwon, tana kuma tsare yaro na ƴan watanni. A ci gaba da ba da nono da abinci. Kafson da masu talla ke yawo da shi bisa kai cikin rana, a bar musu abinsu.

Akwai alamun da idan an gan su ba a jiran mai gida ya dawo, ba a jiran gari ya waye. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa. Yana amayar da duk abin da ya sha. Yana suma ko fizge-fizge. Ya yi laushi, ba a iya tashe shi. Akwai jini a kashinsa. Idanunsa sun faɗa, an ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri. Ƙafafunsa biyu sun kumbura. Maɗigar jinjiri ma tana magana: idan ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ƙare, shafa mata magani ba ya tayar da ita, sai ruwa ya koma jiki. Idan kuma ta kumbura ga zafin jiki, ko wuyan yaro ya sanƙare, a ji tsoron sanƙarau. Mai tari kuma a ɗaga rigarsa a ƙidaya numfashinsa minti guda da agogo ko salula, yana kwance ba ya kuka. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50 ko fiye ya yi yawa. Daga shekara guda zuwa 5, 40 ko fiye. Idan ƙasan ƙirjinsa na shiga ciki lokacin da yake jan iska, ciwon huhu ne mai tsanani. Zafin jiki kowane iri ne, a kai yaro a gwada jininsa kafin kwana guda ya cika. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocinta. Ko da wani lokaci magani yakan yanke sai an saya, kada tsoron kuɗi ya sa a kwana da yaro a gida. Kuma kada a biya ta wurin wanzami a cire beli tukuna, jinin da za a zubar da lokacin da za a ɓata duka na yaron ne.

Wancan ƙauyen da muka ambata, da damana ta zagayo mun koma, wannan karon muka zauna da matan ajin da dattijuwar, muka faɗi abin da ya kamata mu faɗa tun bara. Ita ce ta fara cewa a kafa mata bidon wanke hannu a bakin rumfa. Matan suka yanke kowace ta riƙa ba da dala biyar ranar kasuwa don sabuni da ƙunshin gishiri da sukari. Suka ɗora mata biyu suna kama wa dattijuwar aiki bi da bi, aka kuma daina barin yaran hannun ƴan mata ƙanana su kaɗai. Wata ɗalibarmu da ta shekara biyu a aji ta ɗauki littafi ta rubuta sunan kowane yaro da ranar allurarsa ta gaba. Da ta gama duba karnen, ta tarar yara huɗu ba a yi musu ta dusa karo na biyu ba. Ranar Laraba aka ɗauke su a amalanke zuwa likita.